Yadda Ake Kwaikwayon Siginar da Sensar Maganaɗisu Ke Fitarwa a Cikin Manhaja

Manhajar kwaikwayo tana nuna ƙarfin maganaɗisu da launuka masu ƙayatarwa da lambobi tsaf-tsaf, amma sensar da za a liƙa a kan allon lantarki ba tesla, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, take bayarwa ba. Abin da ke fita daga ƙafarta, wato wayar da take fitar da sigina ta cikinta, ko dai boltej ne mai hawa da sauka, ko kunnawa da kashewa, ko bugun lantarki mai faɗaɗa da tsukewa, ko kuma lambar da ƙaramar kwamfutar allon za ta tambaya a ba ta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da iyakarsa da irin kuskuren da yake ɓoyewa, kuma duk kwaikwayon da ya tsaya a kan ƙarfin maganaɗisu kawai, bai bi shi har zuwa ƙafar sensa ba, rabin aiki ne. Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe: ƙaramin maganaɗisun niyodimiyam mai daraja N42, mai siffar kwabo, faɗinsa milimita 6, kaurinsa milimita 3, yana matsowa kusa da sensa yana kuma ja da baya. Manhajojin da za mu yi aiki da su biyu ne, FEMM ta lissafin maganaɗisu da LTspice ta kwaikwayon da'irar lantarki, saboda dukansu kyauta ake samunsu, amma tsarin bai canza ba ga mai aiki da COMSOL Multiphysics ko Ansys Maxwell a ɓangaren maganaɗisu, ko Proteus, Multisim da Simulink a ɓangaren lantarki.

Mataki na farko: tsayar da ma'auni

Kafin ka buɗe kowace manhaja, ka zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kansa. Tesla ɗaya daidai take da gaus 10,000, wato militesla ɗaya gaus 10 ce. Takardun bayanan wasu kamfanoni da gaus suke lissafi, wasu da militesla, FEMM kuma da tesla take ba da sakamako. Ƙarfin maganaɗisun duniya yana tsakanin maikirotesla 25 zuwa 65, gwargwadon inda mutum yake, abin da bai kai gaus ɗaya ba. A wannan bayanin militesla za mu riƙe, sai inda aka ambaci gaus a fili.

Mataki na biyu: samo ƙarfin maganaɗisu a wurin da sensa za ta zauna

Ka buɗe sabon aikin maganaɗisu a FEMM, ka sa ma'aunin tsayi ya zama milimita, mitar juyawa sifili, sannan ka zaɓi nau'in lissafin da ke ɗaukar abu a matsayin mai kewaye da layin tsakiya, tunda maganaɗisun namu kewayayye ne. A wannan nau'in rabin jikin kawai ake zanawa: murabba'i mai faɗin milimita 3 daga layin tsakiya da tsayin milimita 3. Ka ɗauko N42 daga ma'ajiyar kayan manhajar ka ba murabba'in, ka sa alkiblar maganaɗisun ta zama digiri 90 don ta bi layin tsakiya, ka cika sauran filin da iska, ka kuma kewaye shi da buɗaɗɗiyar iyaka mai nisa sosai daga maganaɗisun. Ragar lissafi ta zama mai ƙananan idanu a yankin da sensa za ta zauna, domin idan idanun suka yi girma zanen sakamakon zai fito da tsalle-tsalle waɗanda babu su a zahiri.

Bayan lissafi ya kammala, ka ja layi daga fuskar maganaɗisun zuwa nisan milimita 20 a kan layin tsakiya, ka nemi zanen ƙarfi a kan wannan layin. Idan ragowar ƙarfin kayan ya kai kusan tesla 1.3, kamar yadda aka saba gani ga N42, lambobin da za ka samu za su yi kusa da waɗannan: militesla 122 a nisan milimita 3, 51 a milimita 5, 35 a milimita 6, 25 a milimita 7, 18.5 a milimita 8, 14 a milimita 9, 10.8 a milimita 10, 3.8 a milimita 15, da 1.7 a milimita 20. Ka lura da yadda ƙarfin yake zubewa: daga milimita 5 zuwa 10 nisa ninki biyu kawai ya yi, amma ƙarfi ya ragu kusan ninki biyar.

A nan ne ake yin zaɓin farko da ya shafi fitarwa, kuma da yawa ba su ma san sun yi zaɓi ba. FEMM tana ba da abubuwa uku a kan layin da aka ja: |B|, wato jimillar ƙarfi ba tare da alkibla ba, B.n, ɓangaren da ya gicciye layin, da B.t, ɓangaren da ya bi layin. Sensar Hall ta yau da kullum, wadda aka gina a kan abin da Edwin Hall ya gano a 1879 a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, tana jin ɓangaren da ya ratsa fuskarta a tsaye ne kawai, abin da ya bi ta gefe kuwa ba ruwanta da shi. Sensar da ke aiki da canjin turjiya, irin su AMR da GMR, akasin haka take: abin da ya kwanta a shimfiɗen fuskarta take ji. Saboda haka ɓangaren da ya dace da fuskar sensarka za ka ɗauka, ba |B| ba. A kan layin tsakiya bambancin ba ya fitowa, domin dukan ƙarfin layin yake bi, amma da zarar maganaɗisun ya goce gefe da milimita biyu ko uku, lambobin biyu sun rabu. Akwai kuma wata illa ta |B|: ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili. Wanda ya ciyar da shi ga sensar da ke jiran kan arewa kafin ta saki, zai yi ta jira har ya gaji, ya ɗora laifin a kan manhaja.

Abu na biyu da za a gyara shi ne nisan kansa. 'Yar ƙwayar da ke ji tana cikin baƙar robar sensar, wani ɓangare na milimita a ƙarƙashin fuska, kuma takardar bayanai tana nuna wurinta a zanen jiki. Tsakanin milimita 7 da 8 ƙarfi yana raguwa da fiye da militesla 6, don haka kuskuren rabin milimita ya haura militesla 3. Ka ƙara wannan zurfin a kan tazarar iska kafin ka karanta lamba. Daga nan ka adana sakamakon a fayil ɗin rubutu.

Mataki na uku: shigar da maganaɗisu cikin manhajar lantarki

LTspice ba ta san tesla ba, boltej da kwararar lantarki kawai ta sani. Dabarar ita ce a wakilci ƙarfin maganaɗisu da boltej, a ce bolt ɗaya yana nufin militesla ɗaya. Ka sa tushen boltej, ka kira mahaɗarsa B, ka ba shi jerin lokaci da ƙarfi ta hanyar PWL, wato jerin maki da manhajar ke haɗawa da miƙaƙƙun layuka, kamar maganaɗisun yana tahowa daga milimita 20 zuwa 5 sannan ya koma:

Vb B 0 PWL(0 1.7 50m 3.8 100m 10.8 120m 18.5 130m 25 150m 51 170m 25 180m 18.5 200m 10.8 250m 3.8 300m 1.7)

Wannan jeri yana nufin tafiyar milimita ɗaya a kowace milisakan 10. Kada a haɗa mahaɗar B da komai a cikin da'irar in ban da abin da zai karanta ta, domin ba wutar gaske ba ce. Gargaɗi ɗaya a gefe: tun daga SPICE ta asali, manhajar da LTspice ta samo tushe daga gare ta, da aka fitar a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a 1973, harafin M, babba ko ƙarami, kashi ɗaya cikin dubu yake nufi. Mai son miliyan sai ya rubuta Meg. Resistar da aka rubuta wa 10M ba megaom 10 ba ce, kusan waya ce tsirara.

Mataki na huɗu: fitarwa mai hawa da sauka

Wannan ita ce fitarwar da aka fi so idan ana neman sanin nisa ko yawan kwararar lantarki. Idan babu maganaɗisu, sensar tana zama a rabin wutar da aka ba ta. Kai ɗaya na maganaɗisu yana tura ta sama, ɗayan yana jan ta ƙasa. Mu ɗauki DRV5055 ta kamfanin Texas Instruments. A wutar bolt 5, nau'in A1 yana ba da milibolt 100 ga kowace militesla kuma yana aiki daidai har zuwa militesla 21 ta kowane ɓangare; A2 yana ba da 50 zuwa militesla 42; A3 yana ba da 25 zuwa 85; A4 kuma 12.5 zuwa 169. Kan kudu ne ke ɗaga fitarwar idan ya fuskanci gefen da aka yi rubutu a jikin sensar.

Lissafin da hannu zai fara rubutawa shi ne 2.5 a tara da ƙarfi sau 0.1. A milimita 15 wannan yana ba da bolt 2.88, a milimita 10 bolt 3.58, duk lafiya. A milimita 5 kuwa yana ba da bolt 7.6, daga sensar da bolt 5 kacal aka ba ta. Na taɓa zama ina kallon irin wannan zane a allon kwamfuta, layin ya hau sumul har ya wuce bakwai, na ma yaba da kyansa kafin na farga cewa ƙafar wannan sensar ba za ta taɓa fitar da abin da ya fi wutar da ke ciyar da ita ba. Manhaja ba za ta tsawatar ba, abin da aka rubuta mata take lissafawa. Don haka tushen ɗabi'a, wato tushen da ke fitar da duk abin da lissafin da aka rubuta masa ya bayar, wanda sunansa a LTspice ke farawa da harafin B (daban yake da mahaɗarmu ta B), dole ya ɗauki iyaka da kuma dogaro ga wutar ciyarwa, wadda muka kira vcc:

B1 x 0 V=limit(V(vcc)/2 + V(B)*0.1*V(vcc)/5, 0.2, V(vcc)-0.2)

Da wannan layin, fitarwar za ta hau ta daki rufi a bolt 4.8 ta kwanta a can, kuma za ka ga da idonka cewa duk nisan da ya gaza kusan milimita 7.5 ya fita daga yankin da kamfanin ya lamunce wa A1. Idan aikinka tsakanin milimita 5 da 10 yake, A3 ce ta dace, domin a milimita 5 za ta ba da kusan bolt 3.78, da sauran fili a sama. Abin da aka biya shi ne raguwar ji a nesa: tsakanin milimita 15 da 20 bambancin A3 bai wuce milibolt 53 ba.

Kashin V(vcc)/5 da ke cikin lissafin yana kwaikwayon ɗabi'ar bin wutar ciyarwa, kuma ya cancanci a gwada shi da gangan. Ka rage wutar zuwa bolt 4.75, za ka ga wurin hutawa ya sauka zuwa 2.375. Idan mai juya boltej zuwa lamba yana auna kansa da wannan wutar ɗaya, lambar da zai karanta ba za ta motsa ba, tana nan a tsakiya. Idan kuwa yana da nasa tsayayyen ma'auni na bolt 5, zai ga raguwar milibolt 125 ya fassara ta da militesla 1.25 da babu ita. Sai dai wannan lissafin a kewayen bolt 5 kawai yake aiki, daga 4.5 zuwa 5.5. A bolt 3.3 takardar bayanai ta ba A1 milibolt 60, ba 66 da lissafin kai-tsaye zai nuna ba.

Saura abubuwa biyu. Na farko saurin amsawa: sensar tana bin canji har zuwa kilohaz 20, kuma resista ta kiloom 1 da kafasita ta nanofarad 8 a bayan B1 za su ba da kusan wannan iyakar. Ga maganaɗisun da hannu ke turawa wannan ba ya canza komai, amma ga mai auna kwararar lantarki a da'irar da ke kunnawa da kashewa da sauri, shi ne babban al'amari. Na biyu shi ne mai karatu, wato na'urar da ke karanta fitarwar sensar. Allon Arduino Uno yana raba bolt 5 gida 1024, kowane gida milibolt 4.88. Ga SS49E ta Honeywell, mai milibolt 1.4 a kowane gaus, gida ɗaya ya kai gaus 3.5, ninki bakwai na maganaɗisun duniya mai rabin gaus. Wanda ya ƙudura yin kamfas da wannan haɗin, kwaikwayo zai sanar da shi tun kafin ya sayi komai, muddin ya sa round() a ƙarshen lissafin don lambar ta riƙa tafiya gida-gida. Irin wannan tsarin ne ake bi ga ACS712 mai auna kwararar lantarki, sai dai a maimakon militesla a sa amfiya: milibolt 185 ga nau'in amfiya 5, 100 ga na 20, 66 ga na 30.

Mataki na biyar: fitarwar kunnawa da kashewa

A nan sensa ba ta faɗin yawan ƙarfi, amsarta e ko a'a ce. Tana da maki biyu: wurin kamawa, wanda takardun bayanai ke rubutawa BOP, da wurin saki, BRP. Tazarar da ke tsakaninsu da gangan aka sa ta, don kada fitarwar ta riƙa rawa idan maganaɗisu ya tsaya a bakin iyaka. Yawancin irin waɗannan sensoshi, kamar A3144 ta Allegro da ake yawan gani a ƙananan alluna, ba sa tura wuta waje. Ƙafar fitarwa taranzista ce da ke jan layi zuwa ƙasa idan an kama, ta sake shi idan an saki, don haka sai an sa resistar da za ta ja layin sama zuwa wutar ciyarwa. Ma'anar wannan ita ce zuwan maganaɗisu sifili yake bayarwa, ba ɗaya ba, abin da ke rikita masu rubuta shiri a karon farko.

Makunnin LTspice mai bin boltej ya dace da wannan aiki kamar don shi aka yi shi. A matsayin misali, mu ce sensar tana kamawa a militesla 20 tana saki a 14:

S1 fita 0 B 0 HALL
.model HALL SW(Ron=20 Roff=10Meg Vt=17 Vh=3)

Vt shi ne tsakiyar makin biyu, Vh kuma rabin tazararsu, wato makunnin yana rufewa a 17 a tara da 3, wato 20, yana buɗewa a 17 a cire 3, wato 14. Ka haɗa resista ta kiloom 10 daga mahaɗar fita zuwa vcc ka gudanar da kwaikwayon. Layin zai faɗi ƙasa lokacin da maganaɗisun ya iso tsakanin milimita 8 da 7, amma a hanyar komawa ba zai tashi ba sai ya kai milimita 9. Wannan milimita ɗaya da ɗoriya ita ce abin da mai ƙera murfi ko ƙofa ko feda yake buƙatar sani, domin idan duk tafiyar abin bai wuce milimita ɗaya ba, zai kama ya ƙi saki.

Nau'o'in makunni uku ne, kuma dukansu da wannan layin ake samar da su. Wanda muka yi yanzu kai ɗaya yake ji. Mai riƙewa, wanda ake sawa a injinan lantarki marasa burushi, yana kamawa da kan kudu ya riƙe har sai kan arewa ya zo; a ba shi Vt=0 da Vh=5, a kuma ciyar da shi da ƙarfin da ke ratsa sifili, kamar igiyar SINE, don ya wakilci zobe mai kawuna da yawa yana juyawa. Mai jin kowane kai kuma, a sa masa tushen ɗabi'a mai abs(V(B)) a gabansa. Wannan ne kaɗai wurin da zubar da alamar ragi yake halatta.

Inda na fi ganin ana sakaci shi ne amincewa da lambar tsakiya. Takardar bayanai tana ba da mafi ƙaranci, matsakaici da mafi yawa, kuma tazarar tana da faɗi ƙwarai a sensoshi masu araha. A ce wurin kamawa zai iya faɗawa ko'ina tsakanin militesla 15 da 24. A milimita 7 muna da 25, kamar an tsira. Amma niyodimiyam yana rasa kusan kashi 0.12 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi, maganaɗisun farait kuma kusan kashi 0.2. Daga digiri 25 zuwa 85 an rasa kashi 7 cikin ɗari, 25 ta koma kusan 23.3, kuma sensar da ta faɗo a can ƙarshen iyaka ba za ta kama ba. A teburin gwaji komai zai yi aiki, sai kaya sun yi yawa kuma sun ɗauki zafi wasu su fara ƙi. Ka mai da Vt da ƙarfin maganaɗisu su zama masu canzawa ta hanyar .param, ka yi amfani da .step ka zagaya mafi munin haɗuwa ta ɓangarori biyu: maganaɗisu mai rauni da sensa mai taurin kai don tabbatar da kamawa, sannan maganaɗisu mai ƙarfi da sensa mai saurin ji don tabbatar da saki.

Idan wayar fitarwa doguwa ce, ka ƙara kafasita ta nanofarad 1 zuwa ƙasa. Faɗuwar layin za ta kasance nan take, tashinsa kuwa zai ɗauki kusan maikirosakan 22 da resistar kiloom 10, domin resistar ce kaɗai ke cika kafasitar. Akwai kuma sensoshi masu tsimin batir waɗanda ba kullum idonsu yake buɗe ba. DRV5032 tana da nau'in da ke leƙawa sau 20 a sakan da wanda ke leƙawa sau 5. Mai sau 20 yana barci kusan milisakan 50 tsakanin leƙe da leƙe, don haka maganaɗisun da ya wuce cikin milisakan 10 zai iya shuɗewa ba a gan shi ba. A sa kayan sample na LTspice tsakanin B da makunnin, a buga masa agogo mai wannan saurin, sai ɓatan bugun ya bayyana a zane.

Mataki na shida: fitarwar faɗin bugu da ta kwararar lantarki

Inda waya ke bi ta kusa da injina masu hayaniyar lantarki, akan fi son a ɗora saƙon a kan lokaci maimakon boltej. DRV5057 tana fitar da bugu 2,000 a sakan, wato kowane zagaye maikirosakan 500 ne, kuma idan babu maganaɗisu rabin zagayen a sama yake rabi a ƙasa. Nau'in A1 a bolt 5 yana ƙara kashi 2 cikin ɗari ga kowace militesla. A milimita 10 ke nan kason sama zai zama 71.6 cikin ɗari, kusan maikirosakan 358. Don kwaikwayonsa, ka yi igiya mai haƙoran zarto da ke hawa daga 0 zuwa 100 a kowane zagaye, PULSE(0 100 0 499u 1u 0 500u), ka lissafa kason a wata mahaɗa da 50+2*V(B) tare da limit(), sannan ka kwatanta su da if(V(kaso)>V(zarto),5,0). Dole ka ƙayyade mafi girman takun lokaci a umarnin .tran, misali maikirosakan ɗaya, in ba haka ba manhajar za ta riƙa tsallake gefen bugun faɗinsa ya riƙa rawa, ka ɗauka laifin da'ira ne. Ƙidayar mai karatu ma tana da gidaje: agogon da ke ƙirga maikirosakan ɗaya-ɗaya yana raba zagayen gida 500, kowane gida militesla 0.1 ga A1.

Fitarwar kwararar lantarki ba ta buƙatar dogon bayani. A masana'antu ana aika miliamfiya 4 zuwa 20, resista ta om 250 kuma tana mai da su bolt 1 zuwa 5. Sensoshin saurin taya masu waya biyu a motoci suna sauyawa tsakanin kusan miliamfiya 7 da 14. Tushen ɗabi'a ɗaya ne, sai dai a rubuta I= a maimakon V=. Ka gwada yanke wayar a kwaikwayo: sifili ba ya cikin lambobin aiki, don haka mai karatu zai iya gane yankewar, abin da fitarwar boltej ba kullum take iyawa ba.

Mataki na bakwai: fitarwar lamba

Sensoshin kamfas da na kusurwa suna juya awon zuwa lamba a cikinsu, su ajiye a rajista, a karanta ta I2C ko SPI, hanyoyin da ƙaramar kwamfutar allo ke musayar lambobi da sensa. Babu amfanin zana kowane bugun agogon layin a LTspice. Abin da ake so shi ne lambar da za ta fito. Sensar kamfas HMC5883L, mai adireshi 0x1E a layin I2C, a saitinta na asali tana auna gaus 1.3 ta kowane ɓangare, tana ba da lamba 1090 ga kowane gaus, sau 15 a sakan. Rabin gaus ke nan 545 ne. Lissafin shi ne round(V(B)*10*1090), inda 10 ke mai da militesla gaus. Idan ƙarfi ya fi ƙarfin ma'auninta, ba ta tsayawa a rufi kamar sensar boltej, rajistar -4096 take nunawa, kuma dole kwaikwayon ya yi haka ta hanyar if(), domin shirin da bai san da wannan lambar ba zai sa ta cikin lissafin alkibla. Maganaɗisun misalinmu ko a milimita 20 yana ba da gaus 17, ya ninka mafi girman saitinta na gaus 8.1, saboda haka ba abokin zamanta ba ne a allo ɗaya.

Tsarin rajista kuwa a manhaja irin Proteus ake gwada shi, inda shirin kwamfutar allon ke gudana tare da da'ira kuma akwai kayan leƙen layin I2C. Rajistocin HMC5883L a jere X, Z, Y suke, ba X, Y, Z ba. Yawancin allunan da ake sayarwa da kamanninta kuma QMC5883L ce a kansu, mai adireshi 0x0D da nata tsarin rajista daban, don haka ka tabbatar wadda ke hannunka ita ce wadda ka kwaikwaya. Masu kwaikwayon mutum-mutumi su kula da wani abu makamancin haka: saƙon MagneticField na ROS, tsarin manhajar sarrafa mutum-mutumi, da tesla yake ɗauke da sassa uku, ba da gaus ko lambar rajista ba, kuma sai an juya shi kafin a kwatanta da sensar gaske.

Sensar kusurwa irin AS5600, mai adireshi 0x36, tana zama ƙarƙashin maganaɗisun da kawunansa ke gefe da gefe, ba sama da ƙasa kamar na misalinmu ba, tana raba zagaye gida 4096, kowane gida kusan digiri 0.088. Ana kwaikwayon ta da sassa biyu, ɗaya mai bin sin ɗaya mai bin cos na kusurwar, a haɗa su da atan2. Wurin da ya kamata a matsa wa gwaji shi ne inda lamba ke tsallakawa daga 4095 zuwa 0. Ka tsayar da maganaɗisun daidai wannan bakin, ka ƙara 'yar hayaniya da white(), sannan ka wuce da sakamakon ta matatar da shirinka ke amfani da ita. Idan matatar matsakaici kawai take ɗauka, 4095 da 0 za su ba ta kusan 2048, wato digiri 180, kishiyar inda sandar take. Gyaran shi ne a tace sassan sin da cos daban-daban kafin a lissafa kusurwa, ko a riƙa tara bambancin karatu biyu a jere, ana ƙara ko rage 4096 duk lokacin da bambancin ya haura 2048.

Mataki na ƙarshe: daidaita kwaikwayo da awo

Idan sensar gaske ta zo hannu, ka ɗaure ta a tebur, ka sa maganaɗisun a kan abin da ba ƙarfe ba, ka auna fitarwa a nisa uku ko huɗu, misali milimita 8, 10, 15 da 20, da mitar lantarki. Ka fara da karanta wurin hutawa babu maganaɗisu, ka shigar da bambancinsa da rabin wutar ciyarwa cikin lissafin B1. Idan duk lambobin sun kauce da kaso ɗaya, ƙarfin maganaɗisun ko jin sensar ne ya bambanta da na takarda, sai a gyara mai ninkawa. Idan kaucewar ta yi yawa a kusa ta ragu a nesa, nisan ne ba daidai ba, a sake duba zurfin ƙwayar ji. Idan kuwa babu tsari a kaucewar, ka duba ko akwai ƙusa, sukurun ƙarfe ko ƙafar tebur a kusa da wurin, ka zana shi a FEMM da kayan ƙarfe, ka sake fitar da jerin PWL daga sabon sakamakon.